Tamowa a ƙauye: yadda ake gano yaro da wuri, a ciyar da shi, a bi shi har ya warke

A ƙauyukan jihar Bauchi, tun daga Gamawa da Zaki da Itas har Ningi da Ganjuwa da Alkaleri, tamowa tana da lokacinta. Takan fara leƙowa a ƙarshen bazara, ta yi ƙamari tsakanin Yuli da Satumba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, mudu ya yi tsada, mata suna wuni a gona, ga zazzaɓin cizon sauro da gudawa sun shigo tare da ruwan sama. Don haka mai niyyar tallafa wa gidaje masu rauni, ɗan sa-kai ne ko ungozoma ko ɗan kwamitin raya gunduma ko shugabar ƙungiyar mata, ya soma aikinsa tun Afrilu ko Mayu. Yaron da aka gano ya fara ramewa a Mayu, sau da yawa kunu mai kauri da kulawar gida sun ishe shi. Idan aka bar shi har Agusta, sai gadon asibiti, da kuɗin mota, da uwar da za ta bar gona da sauran 'ya'yanta ta zauna jinya.

Sanin gidajen

Aikin yana farawa da littafi da biro. A je wurin mai unguwa da liman a yi musu bayani, su sanar da magidanta, domin a yawancin gidajen nan mace ce kaɗai za ta shiga ciki ta ga yara. Daga nan a bi gida-gida a rubuta duk yaron da bai kai shekara 5 ba, da duk mai ciki da mai shayarwa. Kowane yaro da layinsa: sunansa, sunan uwa da na maigida, watanninsa, yana shan nono ko an yaye shi, yana da katin rigakafi ko babu, sannan gurbin awon kowane wata. Idan uwa ba ta riƙe watan haihuwa ba, a tambaye ta da abin da ba a mantawa. Kafin azumi ne ko bayan babbar salla? An yi shuka ko ana girbi?

Wasu gidajen za a yi musu alama a riƙa leƙa su duk mako: gidan da ke da tagwaye, yaron da uwarsa ta rasu ko aurenta ya mutu aka bar shi hannun kaka, yaron da aka yaye farat ɗaya saboda uwar ta samu ciki, wanda ya tashi daga ƙyanda ko doguwar gudawa, gidan da maigida ya tafi ci-rani bai bar abin kirki ba, da yarinyar da ta yi haihuwar fari tana ƙarama. Rugage da tungayen da ke nesa da titi su ne aka fi mantawa, alhali su ne ruwa ke yanke wa hanya da damina. Kada kuma a tsallake gidan mai hali. Ana samun yaro mai tamowa a gidan da rumbu yake cike, saboda abin da ake ba ɗan wata takwas ba ya bin yawan buhunan da ke ɗaki.

Littafin nan amana ne. Ba a karanta sunaye a dandali ko a ƙofar masallaci. Magidancin da aka kunyata da cewa ɗansa yana da ciwon yunwa, gobe ba zai bari a shiga gidansa ba.

Awon dantse da duba kumburi

A nemi tef ɗin awon dantse wurin ma'aikacin cibiyar lafiya ta gunduma. Na yara ne daga wata 6 zuwa wata 59, kuma launi uku gare shi. Ja yana nufin ƙasa da santimita 11.5, tamowa mai tsanani ke nan. Ruwan ɗorawa daga 11.5 ne zuwa ƙasa da 12.5, matsakaiciya. Kore daga 12.5 zuwa sama.

Uwa ta zauna ta ɗora yaron a cinya, a cire masa riga, in akwai kambu ko laya a hannun a ture shi gefe. Hannun hagu ake aunawa. A lanƙwasa shi, a lalubo tsinin ƙashin kafaɗa da tsinin gwiwar hannu, a sa ɗigo da biro a tsakiyarsu daidai. Sai a saki hannun ya sauka a sake, a zagaya tef ɗin a kan ɗigon, a zura bakinsa ta ramin, a ja a hankali har ya kwanta a fata ba tare da ya matse ta ba. Lambar da kibiyoyin suka nuna ita ake karantawa.

Kurakuran da ake yi kusan iri ɗaya ne ko'ina. Mai ja da ƙarfi zai mai da lafiyayyen yaro mai tamowa, a wahalar da uwa zuwa asibiti a banza. Mai barin tef sako-sako zai ga kore a hannun yaron da ya kamata a tura, kuma wannan ya fi muni. Akwai masu aunawa kusa da gwiwar hannu, da masu aunawa yaro yana kuka ya ƙanƙame hannunsa. A jira ya yi shiru, ko a bar shi ya kama nono tukuna. Tef ɗin da ya karye a wurin ninki ya daina faɗin gaskiya, shi ya sa ake ajiye shi a miƙe cikin littafi. Kuma a rubuta lambar, kada a tsaya ga launi. Yaron da ya ba da 13.6 a Mayu, 13.1 a Yuni, 12.7 a Yuli, duk kore ne, amma gangarowa yake yi, kuma a lokacin ne gyara ya fi sauƙi. Uwa ma tana iya koyon awon ko ba ta yi boko ba. In tef ya wadata a bar mata ɗaya, ta riƙa aunawa duk mako biyu da duk sanda yaron ya yi rashin lafiya.

Tef kaɗai ba ya kama kowane yaro, saboda akwai tamowar da ke zuwa da kumburi. A kama ƙafafun yaron biyu, a danna bayan kowace ƙafa da babban yatsa a lokaci guda, a ƙirga daƙiƙa uku a saki. Idan gurbin yatsa ya zauna a ƙafafun biyu, tamowa ce mai tsanani ko da tef ya nuna kore. Irin wannan yaron mutanen gida kan ɗauka ƙiba ya yi, har a riƙa yaba kumatunsa. A duba gashinsa ko ya yi ja-ja yana tsigewa, fatar cinya ko tana saɓulewa, shi kansa ko ya daina wasa sai ƙananan koke-koke. Kada a yi masa tsaga ko sakiya don ruwan ya fita, kada kuma a ba shi maganin sa fitsari.

Wanda za a tura, da yadda za a tura shi

Ja ko kumburi, asibiti ne a ranar ko washegari da sassafe. Ruwan ɗorawa ma a kai shi a duba ko akwai zazzaɓin cizon sauro ko wata cuta a ƙarƙashi, sannan a dawo gida a kama gyaran abinci. Jaririn da bai kai wata 6 ba ba a yi masa hukunci da tef. In ya rame ko ba ya kama nono sosai, a kai shi tare da uwar.

Akwai alamun da ba a jira gari ya waye da su, ko mene ne launin tef: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, yana jijjiga, ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai, akwai jini a bayan gidansa, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja numfashi. A ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif yana kwance shiru. Sau 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko sau 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya yi sauri.

Yaro mai tamowa mai tsanani abu biyu ke saurin kashe shi a hanya: sanyi da faɗuwar sukarin jini. A goya shi jiki da jiki, a rufe kansa da ƙafafunsa, musamman a kan babur ko cikin ruwan sama. A ci gaba da ba shi nono. In ba ya shan nono amma yana iya haɗiya, a narka sukari cikin ƙaramin cokali ɗaya a ruwa mai tsabta babban cokali uku da rabi, a ba shi kaɗan-kaɗan. Kada a biya da shi kemis a ce a yi masa ƙarin ruwa. Zuciyar irin wannan yaron ta yi rauni, ruwan da ba a auna shi da ƙwarewa ba yana iya fin ƙarfinta.

Kafin a tura uwa, ɗan sa-kai ya san wace cibiya ce ke kula da tamowa, wace rana ce ranar awo, kuma akwai kaya a ƙasa ko sun ƙare. Waya ɗaya ta isa. Uwar da ta biya kuɗin babur ta je ta tarar babu komai, da wuya ta sake komawa. A cibiyar za a gwada cin yaron da abincin tamowa na leda, wanda ma'aikata ke kira RUTF. In ya ci kuma ba shi da wata cuta mai tsanani, za a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da ledojin mako guda, ya koma gida. In ya ƙi ci, ko kumburin ya hau har fuska, sai kwanciya a inda ake kwantar da irinsu, kamar cibiyar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta kafa a Kafin Madaki, ko manyan asibitocin Bauchi da Azare. A can madara ta musamman mai suna F-75 ake farawa da ita, kaɗan-kaɗan duk awa biyu ko uku, dare da rana. A gaya wa uwa tun a gida cewa ba rowa ake yi wa ɗanta ba. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ba ya ɗaukar abinci mai nauyi a kwanakin farko, tuwo ko fura da za a ba shi a ɓoye na iya jawo masa illa.

Ledar tamowa a cikin gida

Leda ɗaya giram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500, kuma gwargwadon nauyin yaro ake ƙayyade adadin da zai ci a rana. Magani ce, ta yaro ɗaya. A nan ne aiki ya fi lalacewa, domin tana da daɗi, ga yayye suna kallo, wani lokaci kuma talauci ya sa a kai ta kasuwa. Faɗa ba ya gyara wannan. A zauna da maigida a yi masa lissafi a fili: "Malam, katan ɗaya leda 150 ce, kusan abin da zai warkar da yaro ɗaya ke nan cikin mako shida zuwa takwas. In aka raba wa uku, babu wanda zai warke." Sannan a taimaka wa gidan da garin kunu don sauran yaran, saboda muddin suna jin yunwa za a raba.

A wanke hannun uwa da na yaro, a murza ledar ta yi laushi, a yage gefe ɗaya, yaro ya tsotsa ko a ba shi da cokali mai tsabta. In yana shan nono, nono ne farko. Ba a dama ta cikin kunu ko ruwa, domin rashin ruwa a cikinta ne ya sa ba ta lalacewa, da ta jiƙe ƙwayoyin cuta sun samu wurin zama. Tana sa ƙishi, don haka a ajiye ruwa mai tsabta kusa. Abin da ya rage a naɗe bakin ledar a sa a kwano mai murfi saboda ɓera da tururuwa. Kada a ƙara masa maganin ƙarin jini daga kemis, akwai rabonsa a ciki. Ana komawa awo duk mako, kuma ba a dainawa don yaro ya fara dariya da wasa. Sai dantse ya kai 12.5, kumburi ya ɓace na mako biyu, ma'aikaci ya ce an sallame shi.

Kofin kunu

Mafi yawan yaran da ke faɗawa tamowa suna tsakanin wata 6 da shekara 2, kuma a gidaje da yawa matsalar tana cikin kofin kunu. Ana dama koko, a tace, a tsinka shi da ruwa don yaro ya iya zuƙa. Cikin yaro mai kilo 8 ba ya ɗaukar fiye da kusan mililita 240 a zama ɗaya, kofi guda ke nan. In rabinsa ruwa ne, cikin ya cika amma jikin bai samu komai ba. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗebi kunun a cokali a karkata shi. In ya tsiyaye nan take, ya yi ruwa. Ana son kaurinsa ya kai na kindirmo, ya manne a cokali yana sauka a hankali.

Garin da aka sani da Tom Brown shi ne mafi sauƙin haɗawa da kayan gona: awo 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara ko haɗinsu, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. Ko da gwangwanin madara aka auna ko da mudu, lissafin ɗaya ne. A tsince hatsin, a wanke, a shanya ya bushe. Waken suya a jiƙa shi ya kwana, a murje ɓawon, a ɗauraye, a shanya har ya bushe ƙayau. Gyaɗa kuwa a zauna a tsince ta ɗaya-ɗaya. Duk wadda ta yi funfuna, ko ta yamushe, ko ta canza launi, a zubar, kada ma a ba kaji. Gubar da funfunar ke bari tana cutar da hanta, kuma wuta ba ta kashe ta.

Kowanne daban ake soya shi, a busasshen kasko ba mai, wuta kaɗan, ana juyawa, saboda lokacinsu ba ɗaya ba ne. Waken suya ya fi daɗewa. Sai ya yi ƙamshi ya koma ruwan ƙasa mai haske, ɗanyen warin nan ya fita. In bai soyu ba yana kumbura wa yaro ciki ya sa shi zawo, uwa ta ce garin bai karɓe shi ba ta daina. In ya ƙone kuma ɗaci zai yi, yaro ya ƙi sha. A bari su huce sarai, a murje bayan gyaɗar, a haɗa a kai inji. A tabbatar injin a bushe yake, kuma ba barkono aka gama niƙawa ba. Garin zai fito da zafi, a baza shi a tire ya sha iska kafin a tankaɗe a zuba a roba mai murfi. Wanda aka rufe da ɗuminsa gumi yake yi ya cure. Kada a yi wanda zai wuce mako uku ko huɗu, man gyaɗar da ke ciki yana canza ɗanɗano in ya daɗe.

Wajen damawa, babban cokali uku zuwa huɗu a cike na garin, a kwaɓa da ruwan sanyi kaɗan don kada ya yi gudaji, a juye cikin ruwan da ke tafasa kimanin kofi ɗaya, a yi ta juyawa minti biyar zuwa goma. In an sauke a sa ƙaramin cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa. Wannan cokalin yana ƙara kusan kalori 40 ba tare da ya cika ciki ba, manja kuma yana da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Sukari kaɗan ya isa.

Idan yaro yana wahalar haɗiye mai kauri, akwai dabarar garin tsiro. A jiƙa gero ya kwana, a baza a kan buhu mai damshi kwana biyu har ya tsiro, a shanya a rana ya bushe sosai, a daka ba tare da an soya ba. Ƙaramin cokali ɗaya a cikin kunun da aka sauke ya ɗan huce zai sassauta shi cikin 'yan mintoci ba tare da an ƙara ruwa ba. Sai a mai da shi wuta ya tafasa sau ɗaya. In tsiron ya yi funfuna a zubar da shi duka.

Ɗan wata 6 zuwa 8 yana ci sau biyu zuwa uku a rana, a fara da babban cokali biyu ko uku a kai rabin kofi. Ɗan wata 9 zuwa 11, sau uku zuwa huɗu, rabin kofi. Daga shekara 1 zuwa 2, sau uku zuwa huɗu, kashi uku cikin huɗu na kofi har zuwa kofi cikakke, da ɗan abin taɓawa a tsakani, gwanda ko mangwaro ko dafaffen dankali ko awara. Nono yana nan har shekara 2. Kowane ƙaramin yaro da kwanonsa. In aka haɗa shi da yayyensa a akushi ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun share, kuma babu wanda zai san nawa ya ci. Ɗura kuwa a bar ta gaba ɗaya. Toshe wa yaro hanci a kwarara masa kunu yana iya tura shi cikin huhu. A zauna da shi, a lallashe shi, in ya kau da kai a dakata a sake gwadawa. Kunun da ya yi awa biyu a ajiye cikin zafi, sai an sake tafasa shi.

Kunu kaɗai ba ya isa, ana son wani abu daga dabba kullum in da hali, ko kaɗan ne. Ƙwai ɗaya dafaffe a murmushe a ciki. Zancen cewa ƙwai yana sa yaro sata ba shi da tushe, kuma sayar da ƙwan gida a sayo biskit asara ce. Busasshen kifi a cire ƙaya a daka ya zama gari, a riƙa barbaɗa cokali ɗaya. Hanta ɗan yanki sau ɗaya a mako. Nonon shanu a tafasa shi tukuna. Zogale a wanke a shanya a inuwa, domin rana tana cinye amfaninsa, a daka a sa ƙaramin cokali bayan an sauke tukunya. Kabewa, wake da aka dafa ya yi lugub, garin ƙuli-ƙuli marar yaji, miyar kuka ko alayyahu da aka ɗebar masa kafin a zuba barkono, duk suna shiga. Gishiri ya zama mai aidin. Zuma sai bayan shekara ɗaya, shayi kuma ba abincin yaro ba ne, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe.

Nono da mai nono

A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, kuma kada a matse dakashi a zubar, shi ne kariyarsa ta farko. Wata shida nono zalla, ba ruwa, ba ɗauri, ko a zafin Maris da Afrilu. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, in jariri yana jin ƙishi a ƙara sa shi a nono, uwa ta sha ruwan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla. Galibi ba uwa ce mai hukunci a nan ba, uwar miji ce, don haka da ita za a yi maganar, cikin ladabi: "Inna, ke kika raini uban yaron nan, maganarki ake ji a gidan nan. Ki taimaka mana a riƙe ruwan nan har ya cika wata shida, ki ga yadda gudawa za ta ragu."

In mai shayarwa ta samu ciki, nononta bai zama guba ba. Tana iya ci gaba, ta ƙara cin abinci. Yayen da ake yi rana ɗaya a kai yaro gidan kaka, ya rasa nono da uwa lokaci guda, yana cikin manyan hanyoyin shiga tamowa. A yi shi sannu a hankali, bayan yaro ya saba da kwanonsa. Mai ciki ta fara zuwa awo da wuri, ta sha maganin ƙarin jini kullum. Yana sa bayan gida ya yi baƙi, wani lokaci da tashin zuciya, wanda shan sa bayan abincin dare ke ragewa. Wadda dantsenta bai kai santimita 23 ba, a sanar da ma'aikacin lafiya.

Gudawa da sauro

Gudawar kwana uku tana iya zubar da abin da aka tara a wata guda, kuma ba fitowar haƙori ke kawo ta ba. A narka ledar ORS ɗaya, garin gishiri da sukari na mai gudawa, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu masu rabin lita. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, duk a shafe, a lita ɗaya. Gishirin da ya yi yawa haɗari ne. Bayan kowace gudawa, wanda bai kai shekara 2 ba a ba shi kwata zuwa rabin kofi, wanda ya kai shekara 2 kuma rabin kofi zuwa kofi ɗaya, da cokali. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Haɗin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Maganin Zinc kuma a ba shi miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata 6 ba, ko da gudawar ta tsaya a rana ta biyu. Maɗigar da ta faɗa alamar ƙarewar ruwan jiki ce, shafa mata magani ba ya ɗago ta. Kada a hana abinci, bayan an warke ma a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako biyu. Mai ja a tef ko mai kumburi in ya kama gudawa, asibiti za a kai shi.

Da damina ana bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan wata 3 zuwa 59, sau ɗaya a wata. Na kwana uku ne, ma'aikaci ya ba da na farko, na biyu da na uku a hannun uwa suke, kuma su ake mantawa a ƙarƙashin katifa. A leƙa a tambaya. A makon lafiyar mata da yara a tabbatar kowane yaro ya samu bitamin A duk wata shida, shuɗin ƙwanso ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja daga shekara 1, da maganin tsutsar ciki daga shekara 1. Allurar ƙyanda a wata 9 da wata 15. Randa a rufe da moɗa ɗaya mai mariƙi, kashin yara a masai, hannu da sabulu ko toka kafin a taɓa abincin yaro.

Tanadin kaka da bin sawu

Yaron da ke shan kunun garin Tom Brown sau uku a rana yana cin kusan giram 100, kilo 3 ke nan a wata, kilo 12 a wata huɗu na tsakiyar damina. Wannan ba ya fin ƙarfin yawancin manoma in an ware shi tun da kaka, kafin a kai amfani kasuwa: kimanin kilo 7 na hatsi, 3 da rabi na waken suya, 1 da ɗoriya na gyaɗa ga kowane yaro. A shanya su bushe sarai a kan tabarma ko tamfol, a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako. Ƙwari suna mutuwa da rashin iska, ba sai an zuba fiya-fiya a abin da yaro zai ci ba. Ƙungiyar mata tana iya haɗa nata a buhu ɗaya don marayu da gidajen da ba su yi noma ba, ta kuma ware wani abu daga adashi don kuɗin babur, a yi magana da mai babur ɗaya da zai fito ko da tsakar dare a biya shi daga baya.

Yaron da bai je awo ba mako ɗaya, a je gidansu kafin mako na biyu. Tambaya za a yi: kuɗin hanya ne, ko rafi ya cika, ko maigida ya hana, ko an ga ya murmure? Kowanne da maganinsa, wani na asusun ƙungiya ne, wani na mai unguwa. Wanda aka sallama ma bai fita daga littafi ba, domin yana iya komawa, musamman in an sallame shi rumbu bai cika ba. A ci gaba da auna shi duk mako biyu har wata uku. A ƙarshen kowane wata a kai littafin wurin ma'aikacin cibiya, a gwada sunayen waɗanda aka tura da na waɗanda suka isa, duk sunan da bai bayyana a rajistarsa ba a koma gidan washegari.